Nauyin da ke kan mataimakan malamai wajen kare lafiyar ɗalibai masu buƙata ta musamman

A ajin yara masu buƙata ta musamman, malami ne ke tsara darasi ya koyar, amma akwai wani ma'aikaci da ya fi shi daɗewa kusa da yaro. Shi ke tarbarsa a bakin ƙofa da safe, ya raka shi banɗaki, ya ba shi abinci idan ba ya iya ci da kansa, sannan ya miƙa shi hannun iyayensa idan an tashi. Wannan shi ne mataimakin malami. Saboda wannan kusanci, shi ne yakan fara ganin alamar cewa wani abu ya sami yaro, kuma abin da ya yi a mintunan farko shi yakan raba tsakanin ƙaramin tsautsayi da asarar rai.

Wane ne mataimakin malami

Mataimakin malami ma'aikaci ne da ke aiki a ƙarƙashin malamin aji, yana tallafa wa ɗalibi ɗaya ko rukunin ɗalibai a karatu da kuma hidimomin jiki na yau da kullum. Aikin ya bunƙasa a Amurka bayan dokar 1975 da ta wajabta wa makarantun gwamnati karɓar yara masu nakasa, kuma a can kowane irin wannan yaro yana da rubutaccen tsarin karatu na kansa wanda mataimaki ke bi.

A Najeriya kuwa aikin yana zuwa da fuskoki daban-daban. Akwai masu raino a ƙananan azuzuwa, akwai masu kula da ɗakunan kwana a makarantun kurame da makafi, akwai kuma waɗanda iyaye ke ɗauka su biya da kansu domin su riƙa zama da ɗansu a aji, musamman a makarantun kuɗi na manyan birane. Makarantun irin waɗannan yara sun daɗe a ƙasar nan, tun daga Makarantar Makafi ta Gindiri da aka buɗe a 1953, kuma Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo tana horar da malamansu tun 1977. Sai dai horon da malami ke samu ba kasafai yake kaiwa ga mataimakinsa ba.

Abin da doka ta tanada

Najeriya ta tabbatar da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Masu Nakasa a 2010. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu nakasa ta 2018. Dokar ta ba mai nakasa haƙƙin karatu kyauta har zuwa sakandare, ta kuma wajabta wa makarantun gwamnati su zama waɗanda zai iya shiga ya yi karatu, tare da ma'aikaci mai horo da kayan aikin da suka dace. Ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a, kuma wa'adin ya cika a Janairun 2024. Wanda aka samu da laifin nuna wariya zai biya tarar naira dubu 100 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun, kamfani ko hukuma kuwa naira miliyan ɗaya.

Baya ga wannan akwai Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 da Dokar Hana Cin Zarafin Jama'a ta 2015, waɗanda jihohi ke zartar da nasu irin. Dukkansu sun shafi duk baligin da aka damƙa wa yaro, ko da kuwa ba ya riƙe da takardar malanta.

Sanin kowane yaro

Tushen aikin shi ne sanin yaro ɗaya bayan ɗaya. Kafin mataimaki ya karɓi ɗalibi, wajibi ne ya san lalurarsa, da maganin da yake sha, da abincin da jikinsa ba ya karɓa, da lambar wayar iyayensa, da asibitin da ake kai shi. Ya kamata wannan bayani ya kasance a rubuce, a wurin da hannu zai kai gare shi cikin sauri.

Ya kuma san yadda yaron yake idan yana cikin ƙoshin lafiya, domin da yawa daga cikin waɗannan yara ba sa iya cewa “kaina ke ciwo”. Yaron da ba ya magana yakan nuna ciwon kunne ko na haƙori ta hanyar buga kai, ko cizon hannu, ko ƙin abinci, ko yin shiru fiye da yadda ya saba. Wanda bai san shi ba sai ya ɗauka rigima ce.

Idan yaron kurma ne, dole mataimaki ya iya maganarsa. Makarantun kurame a Najeriya suna amfani da yaren hannu da ya samo asali daga na Amurka, alhali yara da yawa a ƙasar Hausa suna zuwa daga gida da maganar hannu ta gargajiya. Alamomin ciwo, ƙishirwa, banɗaki, tsoro da haɗari su ne farkon abin da za a koya a dukkan biyun.

Idan farfaɗiya ta tashi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kuma kusan kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da tashinta idan suka sami magani daidai. Lalura ce ta ƙwaƙwalwa. Ba a ɗaukar ta ta yawu, ko kumfar baki, ko taɓa jiki, don haka babu dalilin gudun yaron da ya faɗi. Takan kuma zo tare da wasu nakasu, shi ya sa kusan kowane mataimaki zai gamu da ita.

Idan ta tashi, mataimaki ya duba agogo nan take. Ya janye kujeru da duk abin da zai iya ji wa yaro ciwo, ya sa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, ya sassauta masa wuyan riga, ya sa a fitar da sauran ɗalibai ko a kawar da hankalinsu. Da jijjigar ta lafa, sai ya kwantar da shi a gefensa domin yawu ya fita, ya zauna tare da shi har ya dawo hayyacinsa sosai.

A nan ne maganar Hausawa ta da muguwar rawa gara ƙin tashi take da muhalli. Ba a danne yaro, ba a cusa masa cokali ko yatsa a baki, ba a ɗura masa ruwa ko manja, ba a yi masa hayaƙi. Mutum ba ya haɗiye harshensa, amma cokali yana karya haƙori, ruwa kuma yana iya gangarawa cikin huhu.

A nemi asibiti da gaggawa idan jijjigar ta wuce minti 5, ko ta sake tashi kafin yaro ya farfaɗo, ko wannan ne karo na farko, ko ya ji rauni, ko numfashinsa bai daidaita ba. Akwai kuma wata iri mai sauƙin kuɓucewa ido, wadda yaro zai ƙura ido na 'yan daƙiƙoƙi bai san abin da ake ciki ba. Idan hakan na maimaituwa, a rubuta a sanar da iyaye maimakon a yi masa faɗan rashin mai da hankali.

Sikila, asma da zabiya

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu amosanin jini, wato sikila, inda aka ƙiyasta ana haihuwar jarirai kimanin dubu 150 da ita a shekara. Ƙishirwa, sanyi, gajiya mai tsanani da zazzaɓi suna tayar da ciwon. Don haka a bar yaro ya sha ruwa a aji, a bar shi ya je banɗaki duk sanda ya nema, a tabbatar yana da rigar sanyi a hunturu, kada kuma ruwan sama ya doke shi. Zafin jiki da ya kai digiri 38, ciwon ƙirji, wahalar numfashi, ɗashewar ido da tafin hannu farat ɗaya, karkacewar baki ko mutuwar ɓarin jiki, duk alamomi ne da ba a jiran a tashi makaranta a kansu.

Mai asma yakan sha wahala da ƙurar hunturu, da ƙurar alli, da hayaƙin bola ko janareta. Kada a sa shi shara, kuma maganin shaƙarsa ya kasance kusa da shi, ba a kulle a ofishin da mai makullinsa ya fita ba.

Zabiya kuwa rana ce babbar barazana gare shi, domin takan ƙona fata har ta kai ga kansa. Yana buƙatar hula mai faɗi, riga mai dogon hannu, da inuwa tun daga hantsi har la'asar. Galibi ganinsa yana da rauni, saboda haka mazauninsa gaban aji ne, nesa da hasken taga.

Yaron da aka sa wa siririn bututu a kai saboda taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa, idan ya fara ciwon kai da amai da barcin da bai saba ba, alama ce bututun ya toshe, kuma maganarsa ta asibiti ce a take.

Ciyarwa da haɗarin sarƙewa

Yaran da suka sami rauni a ƙwaƙwalwa tun suna jarirai, wanda ya shafi gaɓoɓinsu, da masu lalurar Down, sau da yawa suna da matsalar tauna da haɗiya. Ana ciyar da su a zaune tsaye, kai ya ɗan sunkuya gaba, da ƙaramar loma, ba a ƙara wata sai an tabbatar ta farko ta wuce. Ba a ciyar da yaro a kwance ko yana kuka, kuma ya ci gaba da zama kimanin rabin awa bayan ya gama. Gyaɗa, aya, alewa mai tauri, dabino da ƙwallonsa, tsokar nama da kifi mai ƙaya suna cikin abubuwan da suka fi sarƙe yara.

Idan abinci ya sarƙe yaro yana tari da ƙarfi, a bar shi ya yi tarin. Idan kuwa ya kasa tari da magana da numfashi, a sunkuyar da shi gaba a buga tsakanin kafaɗunsa da dunduniyar hannu sau biyar. In bai fito ba, a tsaya ta bayansa a dunƙule hannu sama da cibiya a matsa ciki da sama sau biyar, a riƙa sauyawa tsakanin biyun yayin da wani ke neman agaji. Ba a lalubar maƙogwaro da yatsa, domin hakan yakan ƙara tura abin ciki. Tari a kowane cin abinci ko ciwon ƙirji a kai a kai abu ne da za a gaya wa iyaye su kai wa likita.

Ɗagawa, keken guragu da hanyar wucewa

Kafin a ɗora yaro a keke ko a sauke shi, a taka birki, a gaya masa abin da za a yi. Ba a jan yaro ta hannu ko a ɗaga shi ta hammata. Mai ɗagawa ya lanƙwasa gwiwa, bayansa a miƙe, kuma idan yaron ya yi nauyi a yi aikin mutum biyu, bisa yadda likitan gashi ya nuna.

Daɗewa a zama ɗaya yana haifar da gyambo a ɗuwawu da dunduniya, musamman ga yaron da ba ya jin taɓi a ƙasan jikinsa. A riƙa sauya masa zama, a duba fatarsa lokacin sauya tufafi. Irin wannan yaro ƙarfen keken da aka bari a rana zai iya ƙona shi bai sani ba.

Ga makaho, tsarin aji shi ne taswirarsa. Idan an sauya wa tebur wuri, a gaya masa. Ƙofa ta kasance a buɗe gaba ɗaya ko a rufe gaba ɗaya, kwata da rijiya da ramin shadda kuma a rufe su. Wajen jagora, shi ne zai riƙe hannun mai jagoran sama da gwiwar hannu, ba a tura shi gaba ko a fizgi sandarsa.

Tsafta da banɗaki

Wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 kafin ciyarwa da bayan banɗaki yana rage yaɗuwar gudawa da kwalara. A sa safar hannu wajen taɓa jini, amai, fitsari ko bahaya, a sauya ta daga yaro zuwa yaro. Kowane ɗalibi da kofinsa da cokalinsa. Zazzaɓi da ƙuraje, ko sanƙarewar wuya a lokacin zafi, ko ciwon maƙogwaro da kumburin wuya, alamomi ne da ke iya nuna ƙyanda, sanƙarau ko mashaƙo, kuma ana ware yaron a kira iyayensa.

Hidimar banɗaki tana tafiya da mutunci. A sakaya yaro, a bar shi ya yi abin da zai iya da kansa, mace ta kula da mace, musamman 'yan matan da suka fara al'ada. Ya kamata wani ma'aikaci ya san duk lokacin da mataimaki ya shiga da yaro, domin kare yaron da kuma kare shi kansa daga zargi.

Ba da magani

Mataimaki ba ya ba yaro magani sai wanda likita ya rubuta, iyaye suka ba da izini a rubuce, makaranta kuma ta ɗora masa aikin. Maganin ya zo a kwalinsa na asali da sunan yaron. Kafin a ba shi a tabbatar da yaron, da maganin, da adadin, da lokacin, sannan a rubuta a sa hannu. Idan an yi kuskure ko an tsallake lokaci, a faɗa nan take, domin tsallake maganin farfaɗiya kaɗai yana iya tayar da ita. Ba wa yaro maganin barci ko na tari domin ya yi shiru a aji cutarwa ce da doka ke hukuntawa.

Lokacin da yaro ya harzuƙa ko ya sulale

Yaro mai galahanga yakan rikice saboda ƙara, cunkoso, haske mai ƙarfi ko sauya abin da ya saba. A irin wannan hali a rage hayaniya, a taƙaita magana, a ba shi fili, a janye abin da zai ji masa ciwo. Duka, ɗaurewa a kujera, kullewa a ɗaki da hana abinci ba su da gurbi a wannan aiki. Ana riƙe yaro ne kawai idan zai ji wa kansa ko wani mummunan rauni, na ɗan lokaci kaɗan, kuma ba a taɓa kifa shi a danne bayansa ko ƙirjinsa, domin hakan yana toshe numfashi.

Irin waɗannan yara sukan sulale su fice ba a sani ba, kuma ruwa yana jan hankalin da yawansu. A ƙirga ɗalibai duk lokacin da aka sauya wuri. Idan yaro ya ɓace, a fara duba rijiya, kududdufi, tanki da bakin titi. Lokacin tashi kuma ba a miƙa shi sai ga wanda iyaye suka ambata da suna.

Gobara da sauran yanayin gaggawa

A watan Afrilun 2003 gobara ta tashi da dare a makarantar kwana ta kurame da ke birnin Makhachkala a kudancin Rasha, ta hallaka yara aƙalla 28. Yaran ba sa jin ƙararrawa ko ihu, sai da aka riƙa tashin su ɗaya bayan ɗaya. Abin da wannan ke nunawa shi ne kowane ɗalibi yana buƙatar nasa tsarin fita: wa zai tashe shi, wa zai tura kekensa, ta wace ƙofa, a ina za a taru. Kurame suna buƙatar alamar haske ko taɓi da aka riga aka saba da ita. Kada a kulle ɗakin kwana ta waje, kuma a riƙa gwajin fita kowane zango. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, amma ya kamata makaranta ta tanadi abin hawa da asibiti mafi kusa tun kafin buƙata ta taso.

Kariya daga cin zarafi

Wani nazari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki nauyinsa, wanda mujallar Lancet ta buga a 2012, ya nuna cewa yara masu nakasa sun fi sauran yara fuskantar cin zarafi kusan ninki huɗu, cin zarafin lalata kuma kusan ninki uku. Masu aikatawa sun san cewa yaron ba zai iya faɗa ba, ko kuma ba za a yarda da shi ba.

Alamomin sun haɗa da rauni a wurin da faɗuwa ba ta kaiwa, jini ko ciwo a al'aura, tsoron wani mutum na musamman, da komawa fitsarin kwance bayan an daina. Idan yaro ya faɗi wani abu, mataimaki ya saurara cikin natsuwa, kada ya sa masa magana a baki, kada ya yi alkawarin ɓoyewa. Ya rubuta abin da ya ji kamar yadda aka faɗa, ya kai wa shugaban makaranta a ranar. Idan shugaban ne ake zargi, ko aka nemi a rufe maganar don kare sunan makaranta, sai a kai ga ofishin jin daɗin jama'a ko 'yan sanda. Bincike ba aikinsa ba ne, amma kai rahoto wajibi ne a kansa, ko da wanda ake zargi abokin aikinsa ne.

Rubutu da riƙe sirri

Duk faɗuwa, rauni, tashin farfaɗiya ko ƙin abinci a rubuta da kwanan wata da lokaci da matakin da aka ɗauka, a kuma sanar da iyaye a ranar. Wannan rajista ce likita ke dogaro da ita wajen daidaita magani. Lalurar yaro amana ce, ba ta hira a ɗakin malamai ko unguwa. Ɗora hotonsa ko bidiyonsa a Facebook ko WhatsApp ba da izinin iyaye ba keta haddi ne, ko da an yi da niyyar nema masa taimako.

Haƙƙin mataimaki a kan makaranta

Duk waɗannan nauye-nauye ba sa sauke wa malami da shugaban makaranta nasu. Haƙƙin makaranta ne ta binciki halin wanda za ta ɗauka, ta ba shi horon taimakon gaggawa irin wanda Ƙungiyar Red Cross ta Najeriya ke bayarwa, ta tanadi ruwa, sabulu, safar hannu da akwatin taimakon gaggawa, kuma kada ta tara masa yaran da suka fi ƙarfin idonsa. Shi ma yana da damar ƙin aikin da ba a horar da shi a kai ba, kamar yin allura ko ciyarwa ta bututu.

Iyaye kuma suna da damar tambaya kafin su sa ɗansu a makaranta: wane ne zai riƙa kula da shi, wane horo ya samu, yara nawa ne a hannunsa, wa zai maye gurbinsa ranar da bai zo ba, kuma wane asibiti za a nufa idan wani abu ya faru. Su ma nasu nauyin shi ne su faɗi gaskiyar lalurar ɗansu, domin ɓoye farfaɗiya ko sikila don tsoron kada a ƙi karɓar yaro yana barin mai kula da shi ba shiri a ranar da ciwon ya tashi.